Wace Makaranta Za a Kai Ummi?

A hutun ƙarshen shekara na 2023, cikin Agusta, damina ta yi nisa, wani tela da na koyar a aji uku na firamare shekaru masu yawa da suka wuce ya yi sallama a gidana bayan la'asar. Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamaren gwamnati a Kano kafin na yi ritaya, kuma tun da na ajiye alli 'yan unguwa suka mai da tsakar gidana wurin neman shawara kan karatun yara. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ba shi tabarma, ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya ce, "Malama, gidanmu ya rabu uku a kan Ummi. Kwana huɗu ke nan Hajiya ba ta amsa gaisuwata da kyau."

Ummi 'yarsa ce ta fari, shekararta 12, ta gama aji shida a wata makarantar kuɗi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunan a gidan sai kakar, wadda ke ce mata takwara, in wasa ya motsa ta ce kishiya. Bayanta akwai ƙanne uku.

Shi uban so yake ta ci gaba da ƙaramar sakandare a makarantar da ta gama, domin a ganinsa cire yaro daga makarantar kuɗi a kai shi ta gwamnati tamkar shelar karayar arziki ce. Hajiya kaka ta ce takwararta hadda za ta yi, a kai ta makarantar tahfiz ta kwana da jikar ƙanwarta ke yi. Uwar yarinyar ba ta cika magana a gaban surukarta ba, amma burinta sananne ne: tun ranar da ta sha wahalar haihuwar autanta, wata ungozoma ta tsaya a kanta har asuba, ta ƙudurta 'yarta aikin asibiti za ta yi. Wan uban kuma, ma'aikacin gwamnati ne, ya aiko da cewa a kai ta makarantar tarayya ta 'yan mata da ke Minjibir.

Na ce masa ba zan ce komai kan kowace makaranta ba sai na ji karatun yarinyar da kunnena. Ya yi mamaki. Ya zaro katin sakamakonta daga aljihu, a naɗe cikin leda, ya miƙo mini. Ta zo ta huɗu a ajinsu. Turanci 78, lissafi 71.

Abin da aka gani a kan tabarma

Washegari da hantsi uwar ta kawo ta. Na sa aka dama mana kunu, muka yi hira har ta saki jiki, sannan na ce ta karanta mini inda ta tsaya a hadda. Ta gyara hijabinta ta fara. Muryarta a natse, makhraji a wurinsa, madda da gunna ba inda ta take. Izu 9 take da shi daga ƙasa, kuma da na ɗauko mata aya daga tsakiyar sura ta kama ba tare da ta koma farko ba. Duk wanda ya koyar da ita a Islamiyya ya yi aiki, Allah ya saka masa.

Sai na miƙa mata jaridar Aminiya, na nuna mata wani ɗan gajeren labari. Ta karanta, amma da tuntuɓe, tana bin baƙaƙen da yatsa, tana tsayawa a duk kalmar da ta yi tsawo. Ba abin mamaki ba ne, domin a makarantarsu tarar kuɗi ake ci in aka ji yaro yana Hausa. Daga nan na ɗauko littafin Turanci na aji huɗu, labarin wani manomi da akuyarsa. Nan kam ta zuba kamar ruwa, ba gargada. Uwar ta yi murmushi tana kallona. Na rufe littafin na ce da Hausa, "Ummi, me ya sa manomin ya sayar da akuyar?" Shiru. "To wa ya saya?" Ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabi. Ta iya furta kowace kalma, ma'anar ce ba ta shiga ba.

Lissafin ne ya fi taɓa ni. Na rubuta mata 402 a cire 167. Ta yi sauri ta rubuta 365. Na gane abin da ta yi, don na sha ganinsa: a kowane layi ta ɗebe ƙaramar lamba daga babba, ba ruwanta da wadda ke sama ko ƙasa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya fahimtar da ita aro. Amma da na ce, "Abbanki ya aike ki da naira 500 ki sayo zare na 170, nawa ne canjinki?" kafin na rufe baki ta ce 330. Ƙwaƙwalwar yarinyar lafiya lau take. Koyarwa ce ta tsallake ta, shekara bayan shekara, ana rubuta mata maki mai kyau domin uba ya ji daɗin biyan kuɗin zango mai zuwa.

Uwar ta yi kuka a ranar. Abin da ta riƙa maimaitawa shi ne, "Malama, shekara takwas muna biya." Na ce mata gara da aka gani yanzu tana 12, da a ce sai a aji shida na sakandare, ranar da za a zo ana neman kuɗin da za a sayo mata amsa a ɗakin jarrabawa.

Lissafin shekara, ba na zango ba

Zama na biyu da uban muka yi shi, na sa ya zo da biro da takarda. Iyaye da yawa in an tambaye su tsadar makaranta, kuɗin zango ɗaya suke faɗa. Na ce ya rubuta duk abin da zai fita daga aljihunsa a kan Ummi daga Satumba zuwa Yuli: kuɗin zango uku, littattafan da dole a makarantar za a saya, yunifom da kayan wasanni, kuɗin jarrabawa, kuɗin tara na kullum, wato na abinci a makaranta, da Adaidaita Sahu zuwa da dawowa. Da ya haɗa, kuɗin makarantar kansa bai kai rabin jimillar ba. Kuɗin mota kaɗai ya kusa kamo shi.

Lokacin ne kuma aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, zuwa Yuli ta wuce 600. Abin ya dake shi ta fuska biyu, ga kuɗin motar yara, ga man janareton shago. Sana'ar tela kuwa kowa ya san lokacinta: kuɗi na shigowa cikin azumi da gab da Babbar Sallah, a shekarar kuma Sallar ta wuce tun ƙarshen Yuni. Satumba wata ne na ƙarancin aiki a wurinsa. Ya amsa mini da bakinsa cewa a shekarar da ta gabata sau biyu ana koro Ummi gida saboda bashin kuɗin makaranta, sau ɗaya har ta yi mako uku a zaune. Na ce to ka ninka wannan takardar sau huɗu, tunda ƙannenta ma suna tafe. Ya ajiye biron.

Shawarar wansa ita ta fi saurin warwarewa. Makarantun tarayya ta jarrabawar kwaman entirans ake shigarsu, wadda hukumar NECO ke shiryawa, kuma an riga an rubuta ta shekarar tun kafin a yi hutu. Ba wanda ya yi wa Ummi rajista, don ba wanda ya san lokacin. A daidai wannan damina ma aka ƙara kuɗin da sababbin ɗalibai ke biya a makarantun daga naira 45,000 zuwa 100,000. Wannan ƙofar ta rufe kafin a fara gardama a kanta. Na sha ganin haka: gida yana ta muhawara a Agusta kan abin da ya kamata a yanke tun Fabrairu.

Gani ya kori ji

Makarantu uku suka rage, ta kuɗin, da ta tahfiz, da ta gwamnati da ke kusa da su, na ce duk sai mun taka mun gani, kuma ba ofishin shugaba kaɗai za mu tsaya ba. Ni da uwar muka je biyu cikin hutu, ta ukun sai da aka koma.

A makarantar kuɗin, mai makarantar ya karɓe mu hannu bibbiyu. Na tambayi wanda zai koyar da lissafi a aji ɗaya na sakandare, ya ce ana kan neman sa. Uwar ta tuna cewa malamai uku Ummi ta yi a aji shida cikin shekara ɗaya, ɗaya daga cikinsu yarinya ce da ta gama sakandare tana jiran sakamakon JAMB. Dokar ƙasa ta ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, wato takardar kwalejin ilimi. Na buɗe littattafan rubutun Ummi da muka zo da su: shafi bayan shafi na abin da aka kwafa daga allo, rubutu mai kyau, amma jan biro sai ka wuce shafi goma ba ka gan shi ba. Ba na cewa duk makarantun kuɗi haka suke. Na san waɗanda malamansu suka shekara goma ba su motsa ba, yaransu kuma suna karatu na gaske. Shi ma wannan bawan Allah haya yake biya, albashin da yake iya bayarwa ba ya riƙe malami. Sai dai uzurinsa ba zai koya wa Ummi aro ba.

Makarantar tahfiz ɗin Hajiya da kanta ta raka mu, ta sha lulluɓi tana gaba muna biye. Gaskiya wurin ya burge ni: tsafta, natsuwa, yara a jere suna muraja'a, alaramman kuma gwani ne da ba a shakkar karatunsa. Sun ce cikin shekara uku yarinya mai ƙoƙari za ta haddace izu 60. Turanci da lissafi ana yi, awa ɗaya da rana. Tambaya ɗaya na yi: ranar da Ummi ta sauke tana da shekara 15, wane aji za ta shiga, da wace takarda? Makarantar ba ta kai ɗalibanta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE. Aka ce ai iyaye kan nema musu babbar sakandare ta kuɗi su shiga kai tsaye. Yarinyar da a yau ba ta fahimci Turancin aji huɗu ba, a jefa ta aji ɗaya na babbar sakandare bayan shekara uku tana awa ɗaya a rana, a ce ta yi Kemistiri da Fiziks.

A hanyar dawowa Hajiya ta ce mini, "Ke Malama, ku 'yan boko kullum takarda, takarda. Ranar da aka sa mutum a kabari wace takarda za a tambaye shi?" Ban yi mata musu ba, domin gaskiya ta faɗa, kuma ni ma burina in ga jikokina sun haddace. Abin da na ce mata shi ne, "Hajiya, izu 9 ɗin da take da shi a ina ta samu? A Islamiyyar unguwa, tana kwana a ɗakinki. Hanyar da ta kawo ta nan ba ta toshe ba." Na kuma gaya musu abin da ba wanda ya sani a gidan: akwai makarantun Arabiyya na gwamnati, na maza da na mata, da ake haɗa karatun addini da na boko, ana rubuta jarrabawar hukumar NBAIS, a shiga jami'a da takardarta. Wannan tsarin ba baƙo ba ne a Kano, Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, ta samo asali tun 1934. Wadda ta fi kusa da su ta yi nisa ga yarinya mai shekara 12 a wannan tsadar mota, amma hanya ce da za a iya komawa kanta in ta girma.

Maganar kwana kuwa uwar ce ta kashe ta, a karo na farko da na ji ta ɗaga murya a gaban surukarta. Ba ta manta satar ɗalibai a Ƙanƙara ba, Disamban 2020, da Jangebe, Fabrairun 2021, inda aka kwashi 'yan mata 279 cikin dare. A lokacin gwamnatin Kano ma ta rufe wasu makarantun kwana da ke gefen gari. Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan iya barci ba."

Ta gwamnatin, ƙaramar sakandaren 'yan mata ce, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa. Ba zan yi mata kwalliya ba. Ajin da na leƙa yara sun haura 90, na gaba a kan benci, na baya a ƙasa. Gwamnan jiha da kansa ya ambaci zaman yara a ƙasa sa'ad da ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Amma malamar lissafin da na tarar tana da digiri, ta shekara da shekaru a makarantar, kuma na tsaya a taga na ji tana koyarwa kamar yadda ya kamata. Matsalar ita ce mutum ɗaya ba zai duba littafi 90 a kullum ba. Yaron da ya zo da tushe zai ɗauka, wanda ya zo da rami a karatunsa ba mai lokacin cike masa. Kuɗin makaranta babu, tunda dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, jihar Kano kuma ta shelanta ilimi kyauta har sakandare a 2019. Akwai dai ƙananan kashe-kashe, yunifom da littattafan rubutu da abin da ƙungiyar iyaye da malamai ta yanka.

Abin da aka yanke

Ga uwar na yi bayanin hanyar da take so 'yarta ta bi, daga ƙarshe zuwa farko. Makarantar koyon aikin jinya ko ungozoma, irin ta Dambatta, kiredit biyar take nema: Turanci, lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Samun waɗannan da gumin yaro sai makarantar da ke da malaman kimiyya da ɗakin gwaje-gwaje. Kano ta yi sa'a a nan, tana da kwalejojin kimiyya tun 1977 da aka buɗe Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ga ta 'yan mata a Garko, kuma jarrabawa ake ci a shiga bayan aji uku na ƙaramar sakandare. Ke nan Ummi tana da shekara uku ta cike ramin da ke ƙarƙashinta. Duk zaɓin da bai taɓa wannan ramin ba, sunan makaranta kawai za a canza.

Shawarata ta farko ita ce ta maimaita aji shida a firamaren gwamnati. Uban ya ƙi, ƙememe. "Malama, a ce 'yar da ta yi bikin yaye, aka yi hoto da hula, ta koma firamare? Da wane ido zan kalli mutane?" Har yau ina ganin da an yi hakan da ta fi samun sauƙi, amma 'yarsa ce, kuma kunyar da yake ji ita ma yarinyar za ta ji ta a cikin sa'o'inta. Na bar maganar.

Aka tsaya a kan haka: ta shiga aji ɗaya a ta gwamnati, tana tafiya a ƙafa tare da 'yan layinsu. Daga kuɗin da aka huta biya, a ɗauki mai lesin, wani ɗalibin kwalejin ilimi, kwana uku a mako bayan Isha'i a zauren gidan, su haɗa kuɗin da maƙwabta biyu. Na gindaya sharaɗi: ba aikin gida zai riƙa yi musu ba. Zai fara daga karatun Hausa har ya zauna, ya koma lissafin aji uku, Turanci kuma kowane sakin layi sai an faɗi ma'anarsa da Hausa kafin a wuce. Hadda ta ci gaba a Islamiyyarta da yamma da ranakun Asabar da Lahadi, tilawar asuba kuma a ɗakin Hajiya, ita ce mai saurare. Hajiya ta yarda bisa sharaɗin cewa in haddar ta ja baya, maganar tahfiz za ta dawo.

Akwai kuskuren da na yi, kuma ya dame ni. Sai a zama na uku na tambayi Ummi abin da take so. Ta fashe da kuka ta ce ƙawayenta duk suna can, kuma za a riƙa ce mata 'yar gwamnati. Mu manya mun yi ta lissafin kuɗi da takardu, ba wanda ya lissafa wannan. Da na tambaye ta aikin da take sha'awa ta ce nas, tana satar kallon uwarta. Sai daga baya, muna mu biyu, ta ce ita fa ta fi son ranar da Abbanta ya bar ta ta yanka yadi a shago.

Bayan shekara biyu

Zangon farko ya yi mata wuya. Ta riƙa dawowa da ciwon kai, sau biyu tana cewa ba za ta koma ba. Abin da ya taimaka ƙarami ne: uwar ta riƙa fitar da ita da wuri domin ta sami bencin gaba. Mai lesin ya yi wata tara yana aiki mai kyau, sannan ya sami wani abin yi ya tafi, aka yi wata biyu ba kowa, wanda aka samu bayansa kuma sai da na zauna da shi sau biyu kafin ya daina kwafa musu rubutu.

A hutun da ta gama aji biyu na sake zaunar da ita a kan tabarmar nan. Aminiya ta karanta ba yatsa, ta kuma ba ni labarin abin da ta karanta. Na ba ta raba lamba mai gida uku da mai gida biyu, ta yi daidai, ta nuna mini yadda ta yi. Turanci tana gane labari yanzu, amma in aka ce ta rubuta shafi guda da kanta, jimlolin sukan watse. Wannan shi ne abin da ke gabanmu kafin BECE. Haddarta ta kai izu 17. 'Yar'uwarta da ke tahfiz ta haura 40, Hajiya kuma ba ta bari a manta da hakan, ko da yake da asuba in ta ji muryar takwararta takan yi shiru ta daina jan carbi.

Uban da kansa ya gwada ƙannen, da jarida da canjin zare, kamar yadda ya ga na yi. Na biyun ya same shi da irin ramin yayarsa, ya mai da shi firamaren gwamnati ya haɗa shi da mai lesin. Ta ukun ya bar ta a wata makarantar kuɗi ta daban, bayan ya je ya zauna a bayan aji ya duba littattafan yara uku da ya zaɓa da hannunsa.

Maganar babbar sakandare ta taso tun yanzu, kuma wannan karon na rubuta musu watannin da ake sayar da fom a jikin kalandar shago. Uwar tana son kwalejin kimiyya amma har yanzu ba ta yarda da kwana ba. Hajiya ta fara tambaya game da makarantar Arabiyyar nan. Ummi kuwa ranar Asabar in ta taso daga Islamiyya shago take wucewa, ita ta ɗinka wa ƙanwarta rigar Sallar bana.